Wace Agwagwa Ta Dace da Kiwon Sha'awa a Ƙasar Mai'aduwa?

Kiwon sha'awa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni akwai masu gina wa tattabaru ɗaki da tukwane, akwai masu aku, akwai masu kanari a keji, ba don ci ko sayarwa ba, sai don su ɗebe musu kewa. Amma agwagwa ba ta cika samun wannan daraja ba. Abin da yawancin mutane suka sani game da ita shi ne tana yawo a kwata, tana ɓata tsakar gida, in ta yi ƙiba a kai ta kasuwa. To, ga shi a 'yan shekarun nan malaman makaranta da akawunan ofis sukan tambaye mu, mu da muke aikin ilmi, wace irin agwagwa ce ta fi saurin sabo da mutum, domin 'ya'yansu sun ga hotunan fararen agwagin Turai a littafi ko a wayar hannu, sun dame su sai an sayo musu.

Tambayar ta cancanci amsa a tsanake, domin agwagwa in ta sami kulawa takan yi shekara 8 zuwa 12 a duniya. Watau yaron da aka saya wa ita yana aji ɗaya, yana iya gama firamare har ya shiga sakandare tana nan da ranta. Za mu ɗauki ƙasar Mai'aduwa ta masarautar Daura mu yi misali da ita, domin abin da ya dace da can zai dace da yawancin garuruwanmu na arewa masu ƙarancin ruwa. Ra'ayinmu kuwa, tun daga farko mu faɗe shi, agwagwar nan tamu ta gida da ake rainawa ita ce ta fi dacewa, kuma sabo da mutum ya fi dogara ga yadda aka rene ta a kan irin da ta fito.

Halin ƙasar

Mai'aduwa tana can bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a Jihar Katsina. A cikin ƙasarta garin Kwangwalam yake, inda hanyar mota daga Daura take ƙetarawa zuwa Damagaram. Ƙasa ce mai yashi. Damina takan kama sosai daga watan Yuni, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba, sauran watannin duka rani ne. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a ma'aunin zafi. Akwai madatsar ruwa ta Sabke, akwai kududdufai da ke cika da damina, amma mai gida na cikin gari ruwansa daga rijiya yake, ko famfon burtsatse, ko wurin 'yan ga-ruwa, kuma kowace jarka da kuɗinta. Gidaje kuwa a manne suke da juna, katanga ɗaya ta raba ka da maƙwabcinka.

Saboda haka kafin mutum ya tambayi wace agwagwa ta fi kyaun gani, akwai tambayoyin da suka riga wannan. Ruwa nawa za ta ci masa kowace rana? Za ta jure zafin bazara? Kukanta zai hana maƙwabta barci? In ta mutu ko ta ɓace, za a sami wata irinta kusa? Da waɗannan za mu auna kowane iri.

Gida biyu na agwagi

Masana sun tabbatar duk agwagin gida na duniya daga tsuntsayen daji iri biyu suka fito. Na farko wata agwagwar daji ce ta ƙasashen sanyi, wadda namijinta yake da koren kai, Turawa suna ce mata malad. Daga ita aka sami kusan dukan agwagin Turai da na Sin. Su ne masu kukan nan mai ƙarfi na kwak-kwak, ƙwansu kuma yakan ƙyanƙyashe a cikin kwana 28.

Na biyu kuwa ita ce wadda Turawa suke kira Maskobi, ko da yake ba abin da ya haɗa ta da birnin Mosko. Asalinta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, mutanen can sun mai da ita tsuntsuwar gida tun kafin Kolombos ya isa gare su a 1492. Daga baya jiragen ruwan Turawa 'yan ciniki suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, ta yi ta yaɗuwa har ta iso mu, ta zama 'yar gida. Ita ce agwagwar da kowa ya sani a Mai'aduwa da Daura da Zango, mai jan tsiro a fuska, wadda namijinta muke ce masa toro. Ƙwanta sai ya kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe.

Gidajen nan biyu sun yi nisa da juna ƙwarai, har ma in an haɗa toron gida da agwagwar Turai, 'ya'yan da za a samu ba su haihuwa, kamar dai alfadari. Wanda ya san wannan ba zai ɓata kuɗinsa yana neman sabon iri ta wannan hanya ba.

Agwagwarmu ta gida

Babban abin yabo gare ta shi ne shiru. Toro ba shi da murya sai huci, macen kuwa wani ɗan kuka take yi ƙasa-ƙasa, wanda ko mai zaune a zaure ba lalle ya ji ba. Malamin da ke zaune a gidan haya, ko a gidajen ma'aikata inda ɗakuna suke jere, ya san darajar wannan. Tsuntsu ba ya zama abin sha'awa in ya zama sanadin kai ƙara wurin mai unguwa.

Na biyu, tsuntsuwar ƙasar zafi ce tun asali, kuma ta daɗe a cikinmu. In ta sami inuwa da ruwan sha, bazara ba ta kayar da ita. Ba ta kuma damu da iyo kamar 'yan uwanta na Turai ba, domin a daji ma rabin zamanta a kan itace ne, shi ya sa take da farata masu kaifi. Kwatarniya ɗaya ta ruwa ta ishe ta wanka.

Na uku, uwa ce ta gari. Takan yi ƙwai 12 zuwa 15, wani lokaci fiye, ta kwanta a kansu da kanta, ta ƙyanƙyashe, ta tsare 'ya'yanta daga shirwa, kuma takan maimaita haka sau biyu ko uku a shekara in abinci ya wadata. Tana kuma da gwanintar kama ƙuda da fara da kyankyaso, abin da zai amfani gidan da ake ɗaure akuya ko tunkiya.

Wajen hali kuwa, tsuntsuwa ce mai natsuwa, ba ta da firgita. Wadda aka rena da hannu takan gane mai ba ta abinci, ta taho tana kaɗa wutsiya tana miƙa wuya gaba da baya, ta bi shi har bakin ƙofa.

Amma fa tana da nata aibi, kuma wajibi ne mu faɗa. Macen tana tashi sama, takan haye katanga ta sauka a gidan wani. Faratanta suna yagar hannun yaro in bai iya ɗauka ba. Toro kuma yakan ninka macen nauyi, ƙosasshe yakan kai kilo 4 ko 5, in ya balaga yakan yi faɗa, ya bi kaji, wani ma har ya kori ƙananan yara. Maganin tashi shi ne a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi. Ba ta jin zafinsa, kamar yankan farce ne, sai dai a kauce wa sabon gashi mai jini a gindi, a kuma sake yi duk sa'ad da ta sake gashi. Maganin toro kuwa shi ne kada a fara da shi. Mata biyu sun isa kiwon sha'awa, za su yi ƙwai ko ba namiji, illa dai ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba.

Baƙin agwagi

Akwai iri huɗu da aka fi jin sunansu, waɗansunsu akan same su jefi-jefi wurin masu kiwon zamani a manyan birane.

Fekin ita ce farar nan tas mai baki ruwan lemo da yara suke gani a hotuna. Daga ƙasar Sin ta fito, aka kai ta Ingila a 1872, Amurka kuma a 1873, ta zama uwar agwagin nama a can. Gaskiya tana da sanyin hali, tana sabo da wuri, ba ta tashi sama, kuma in don hali kaɗai ne, ita ce za ta yi gogayya da tamu. Sai dai don nama aka gyara irinta, tana girma da sauri har a yanka ta tana da mako 7 ko 8, saboda haka tana da ci, nauyinta kuma yakan jawo mata ciwon ƙafa in ta manyanta. Zafi yana wahalar da ita, farin gashinta yana son wanka kullum, macen tana da baki ƙwarai, kuma ba ta cika kwanci ba. Mai lambu a gefen Sabke, ko mai famfo da itatuwa a gidansa, yana iya gwada ta. Mai sayen ruwa a jarka kuwa ya yi lissafi tukuna.

Kaki Kambel wata mata ce Baturiya, Adele Campbell, ta wani ƙauye mai suna Uley a Ingila, ta fitar da irinta ta hanyar haɗa iri-iri, aka san ta da launin nan nata wajen 1901. An ce mata kaki saboda launinta ya yi kama da kayan sojan Ingila na lokacin. Ba ta da girma, wajen kilo 2 ce, amma wajen ƙwai ba ta da na biyu, mai kyau takan kai 300 a shekara. Wannan yawan ƙwai kuwa ba ya samuwa sai da abincin kanti mai gina jiki. Ga ta da zirga-zirga da saurin tsorata, ba ta son a riƙe ta. Ta dace da gonar makaranta inda ake son ƙwai, ba ta kai ta gida daɗin zama da yaro ba.

'Yar gudun Indiya, duk da sunanta, daga tsibiran Indunusiya take, irin su Jawa da Bali, inda manoma suke kora su garke-garke zuwa gonakin shinkafa su ci ƙwari da dodon koɗi. A miƙe take tsayawa kamar kwalba, ba ta rangaji irin na agwagwa, gudu take yi. Kallonta yana ba da dariya, amma tana son fili mai faɗi, kuma motsi kaɗan sai garken duka ya watse. Tsakar gidan cikin gari ta yi mata kaɗan.

'Yar kira ita ce ƙaramarsu, ba ta kai kilo ɗaya ba. Mafarautan ƙasar Holan ne suka riƙa amfani da ita, tana kuka agwagin daji suna saukowa su faɗa tarko. Kyakkyawa ce, mai son mutane, yaro yana iya ɗaukarta da hannu biyu. Amma tun da don ƙarfin murya aka zaɓe ta, mai karatu ya san abin da maƙwabtansa za su ji da asuba. Tana tashi sama, ƙanƙantarta kuma ta sa muzuru da shaho ba su sha wuya a kanta. Samunta ma a ƙasarmu aiki ne.

Dukan huɗun nan suna da matsala guda, watau in ɗaya ta mutu, samun abokiyar zama ga wadda ta rage sai an yi tafiya. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma agwagin daji namu, kamar kirinjijiya da ke sauka a fadamu da madatsun ruwa, da dinyar daji. Yara sukan kamo 'ya'yansu da damina. Muna roƙon malamai su hana wannan, domin yawancinsu mutuwa suke yi a hannu, wanda ya rayu kuma ba ya sakin jiki.

Sabo ba a sayensa a kasuwa

Nan ne gundarin maganar. Wani masani mutumin ƙasar Ostiriya, Konrad Lorenz, ya yi shekaru yana nazarin 'ya'yan dinya da na agwagwa, ya bayyana a 1935 cewa ɗan tsako yakan ɗauki abu mai motsi da ya fara gani bayan ƙyanƙyasa a matsayin uwarsa, ya yi ta binsa. Har 'ya'yan dinya suka riƙa bin shi kansa a jere. Wannan ƙofa a yini na farko ko na biyu take buɗe, daga nan sai ta rufe, tsoron baƙon abu ya shiga. Nazarin halayen dabbobi irin wannan ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1973 tare da waɗansu masana biyu.

Darasin da ke ciki shi ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babbar agwagwa da ta girma ana jifanta a kwararo, aka ɗaure mata ƙafa aka kawo ta kasuwa a bayan babur, ko wane iri ce za ta daɗe ba ta yarda da mutum ba. Wadda kuwa ta tashi tana jin murya ɗaya, tana cin abinci daga hannu ɗaya, ita ce za ta zama abokiya.

Amma ba mu ba da shawarar a raba ɗan tsako da uwarsa ranar da ya fito don ya ɗauki yaro uwa ba. Wanda aka yi wa haka kuka zai yi ta yi duk sa'ad da yaron ya tafi makaranta, in kuma toro ne, ranar da ya balaga ba zai ji tsoron kowa ba, sai ya riƙa kai wa mutanen gida hari. Hanya mafi kyau ita ce a sami 'yan tsaki biyu ko uku masu mako 2 zuwa 4, 'yan uwa ɗaya, a rene su tare. Agwagwa tsuntsuwar garke ce, guda ɗaya tilo takan rame don kaɗaici.

Ga yadda ake saba musu. Yaron da aka ba kiwon shi zai riƙa ba su abinci, safe da yamma, a lokaci guda, da kira iri guda. Ya tsuguna ƙasa, kada ya tsaya a kansu, domin duk abin da ya zo musu daga sama shirwa suke zato. Ya fara da watsa tsaki kusa da ƙafarsa, bayan 'yan kwanaki ya miƙa a tafin hannu. Kada a bi su da gudu ko da wasa. In za a ɗauka, a tallafi ƙirji da hannu ɗaya, ɗayan ya rufe fukafukai, ba a ɗaukar agwagwa ta ƙafa domin ƙafarta ba ta da ƙarfin ta kaza. Wanda ya yi haka wata guda zai ga abin mamaki.

Ranar saye

Kasuwar Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa, ana kawo mata kaya daga Nijar da garuruwa masu nisa. Wannan albarka ce ga ciniki, amma wurin da tsuntsaye daga gari goma suka kwana a keji ɗaya, nan cuta take samun hanya. Ga mai kiwon sha'awa ya fi kyau ya sayi 'yan tsaki a gidan da ya sani, inda zai ga uwar da idonsa. In uwar mai natsuwa ce, ba ta gudun mutanen gidan, alama ce mai kyau. Aika kuɗi birni a sako wa mutum 'yan tsakin da bai gani ba a motar haya, cinikin biri a sama ke nan.

A duba ido ya kasance garau ba ruwa, hanci ba majina, gindi ba kashi a manne, tafiya ba ɗingishi. Wanda ya ware gefe ya takure, a bar shi ko da kyauta ne. Wajen rarrabe mace da namiji a agwagwar gida, tun suna 'yan makonni toro yakan fi girman jiki da kaurin ƙafa, saboda haka mai son mata ya zaɓi matsakaita a cikin 'yan uwa, ya kuma nemi taimakon matan gidan da suka rene su, sun fi kowa ido a nan. In an kawo su gida, a ware su daga kaji da zabi har mako biyu ko fiye, a ga lafiyarsu tukuna.

Ruwa da abinci da makwanci

Agwagwa ba ta bukatar tafki, amma tilas ta sami ruwan da zai shanye kanta duka, domin da shi take wanke hanci da ido. Kada kuma a ba ta busasshen abinci ba ruwa a kusa, yana iya shaƙe ta. Kwatarniya ko rabin duro ya isa manya biyu, a sauya ruwan kowace rana. Ruwan da aka zubar kuwa kada ya tafi kwata, taki ne, a juye shi a gindin zogale ko ɗan lambun bayan ɗaki, sai jarka ɗaya ta yi aiki biyu. Ƙananan 'yan tsaki da ba su tare da uwa, kasko marar zurfi za a sa musu da 'yan duwatsu a ciki, domin gashinsu bai sami man da ke hana ruwa shiga ba, sukan jiƙe, sanyi ya kama su, ko su nutse.

Abincinsu dusar gero ko ta dawa ce da aka dama da ruwa, da tsaki, da yankakken ganye irin su zogale da latas, da gara ko fara in an samu. 'Yan tsaki suna son abincin kanti na 'yan tsakin kaji a makonnin farko. Ƙuli-ƙuli yana gina jiki, amma a nan akwai gargaɗi babba ga ƙasar gyaɗa irin tamu. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bincika sai aka tarar garin gyaɗa ne mai fumfuna da aka sayo daga Birazil. Fumfunar tana fitar da dafi mai lalata hanta, kuma an gano 'yan tsakin agwagwa suna cikin tsuntsayen da dafin ya fi saurin kashewa, har masana suka riƙa gwada abinci da su. Saboda haka gyaɗa ko masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, ko tuwon da ya kwana biyu ya yi gashi, kada a ce bari a zuba wa agwagi.

Da dare a rufe su a akurki mai iska, ƙasansa a bushe, an shimfiɗa ƙaiƙayi ko yashi, ƙofarsa kuma ta hana muzuru da tunku da gafiya. Da hunturu a kare 'yan tsaki daga iska, da bazara kuwa inuwa ta fi kome.

Tsabta da lafiya

Masu cewa agwagwa ƙazama ce suna da hujja, tana kashi barkatai kuma ba a koya mata wuri. Amma yawon kwata laifin mai ita ne da ya sake ta ba ruwa ba abinci. A killace musu gefe guda na gida, nesa da madafa da wurin salla, a share kowace safiya. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa kashin abin da ake cin namansa ba najasa ba ne, sai fa in yana cin najasa, watau killacewar tana da amfani ta wannan fuska ma. Yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa su, kada su sumbace su, kada a kwana da su a ɗaki, domin lafiyayyen tsuntsu ma yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa.

Agwagwa ta fi kaza ƙarfin jiki, annobar nan da ke share kaji da hunturu ba ta cika kayar da ita ba. Amma murar tsuntsaye daban ce. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita karo na farko a Nijeriya, a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare aka same ta a Nijar, a jikin agwagin gida na Magarya, wadda ba ta da nisa da ƙasar Daura. Ta sake ɓullowa a Nijeriya a 2015 da 2021. Haɗarin agwagwa a nan shi ne wani lokaci takan ɗauki cutar ba ta nuna alama ba, ta shafa wa kaji. Don haka kada a bar ta sha'awa ta je kududdufi ko bakin madatsa inda tsuntsayen daji suke sauka. In tsuntsaye suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa, a sanar da malamin dabbobi nan da nan, shi ya san yadda za a aika da abin gwaji zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom. Rigakafi ya fi magani.

Amanar yaro

Saura magana guda wadda ta fi zaɓen iri nauyi. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma gaskiya ne ga kazar da aka ajiye don miya. Amma in uba ya ce wa ɗansa wannan taka ce, yaron ya raɗa mata suna, ya yi shekara yana tashi da sassafe yana ɗebo mata ruwa, sa'an nan ya dawo daga makaranta ya tarar da gashinta a bayan madafa don an yi baƙo, to, abin da aka koya masa ran nan shi ne maganar babba ba abin dogara ba ce. Mu da muke horon malamai mun san irin wannan darasi ya fi na allo zama a zuciya. A yanke shawara tun ranar saye, a gaya wa yaron gaskiya. In na ci ne a ce na ci ne. In nasa ne a bar masa, in sun hayayyafa a yi shawara da shi wajen sayar da 'ya'yan, kamar yadda iyayenmu suke ba yaro kaza ta zama akuya.

Haka nan ma'aikaci ya tuna ana yi masa canjin wurin aiki, makaranta kuma tana tafiya hutu. Kafin a kawo agwagwa gida ko gonar makaranta, a san wanda zai ba ta ruwa a watan Afrilu sa'ad da kowa ya tafi garinsu. Dabbar da aka tsare, haƙƙin cinta da shanta yana wuyan wanda ya tsare ta, addini da al'ada duka sun haɗu a kan haka.

Malamin da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya sami kayan koyarwa mai rai. 'Yan aji su ƙirga kwana 35 na kwanci a kalanda, su auna nauyin 'yan tsaki kowane mako su zana a allo, su lissafa kuɗin dusa da na ruwa, su nemo Birazil da Sin da Holan a taswira.

Shawararmu ke nan ga mai tambaya a Mai'aduwa da makamantanta: ya nemi 'yan tsaki mata biyu na agwagwar gida daga gidan da ya sani, ya ware musu gefe mai inuwa da kwatarniyar ruwa, ya damƙa wa yaro guda kiwonsu, ya kuma cika masa alkawari. Mai yalwar ruwa da fili, wanda maƙwabtansa suke nesa, yana iya ƙarawa da Fekin. Allah ya sa albarka a kiwon, ya ba yaranmu tausayin abin da ke hannunsu, amin.